Inda Ji Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce, amma gaskiyar mutanen tudu ce. Wanda ya hau hasumiyar Gobarau a birnin Katsina ran da babu hazo ya kan hangi abin da ke tafe daga nesa tun kunnensa bai ji motsinsa ba, an ce ma mutanen da sun riƙa hawanta don tsinkayar mahara, bayan kiran salla da aka gina ta dominsa. A cikin teku kuwa al'amarin ya juya. Hasken rana ba ya wuce zurfin mita 200 da wani ƙarfi, in aka kai mita 1,000 sai duhu baƙi ƙirin, dare da rana duk ɗaya. Amma sauti ya kan yi gudun kimanin mita 1,500 cikin sakan guda a ruwan teku, watau ya ninka gudunsa na cikin iska fiye da sau huɗu, kuma ba ya saurin mutuwa. Tazarar da ke tsakanin Katsina da Kano, da a ce duk ruwa ce, amo zai ƙure ta cikin abin da bai cika minti biyu ba. Saboda haka halittun da ke can da kunne su ke neman abinci, da kunne su ke gane hanya, da shi kuma su ke samun 'yan'uwansu.

Babu wadda wannan ya fi shafa kamar babbar dabbar nan da Larabawa ke kira hutu, Turawan Ingila kuwa su ce mata wel. Mutanen ƙasar Hausa sun fi saninta ta labarin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa. Siffar kifi gare ta, amma da huhu ta ke numfashi, haihuwa ta ke yi, ta kuma shayar da ɗanta nono. Giwar teku shi ne sunan da ya dace da ita, sai dai kada mai karatu ya rikita ta da giwan ruwa na Tafkin Chadi, wanda shi kifi ne sosai. Iri biyu ne manya. Akwai masu haƙori, waɗanda su kan yi ƙara su saurari amsa-kuwwa, da ita su ke gane inda abinci ya ke. Akwai kuma marasa haƙori, masu wani abu kamar rariya a baki da su ke tace ƙananan halittu daga ruwa. Cikin waɗannan ne a ke samun shuɗiya, wadda tsawonta kan kai mita 30, ba a kuwa san wata dabba da ta taɓa finta nauyi a duniya ba.

Mutane sun daɗe suna zaton ƙarƙashin teku wuri ne na shiru. Har a 1953 mashahurin mai nutson nan na Faransa, Jacques Cousteau, da ya rubuta littafi a kan teku, sunan da ya ba shi ma'anarsa duniyar shiru. Dalili kuwa shi ne kunnen ɗan Adam don iska aka yi shi, in ya shiga ruwa sai ya zama kamar an toshe. Tun a 1826 waɗansu masana biyu, Colladon da Sturm, suka kaɗa ƙararrawa a cikin tafkin Janeba, suka auna gudun amonta daga wannan kwale-kwale zuwa wancan. Amma abin da ya sa aka dukufa ga sauraron teku haɗari ne da yaƙi. A 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse, bayan shekara biyu Reginald Fessenden ya gwada wata na'ura mai aika ƙara cikin ruwa, ta nuna masa dutsen ƙanƙara daga nisan kamar mil biyu. Sa'an nan yaƙin duniya na fari da na biyu suka zo da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ba a ganinsu, sai dai a ji su.

Cikin wannan nema ne, a 1944, Maurice Ewing da abokin aikinsa Worzel, mutanen Amurka, suka tabbatar da wani abin mamaki. Duk wanda ya kwana a Katsina da hunturu ya san da asuba muryar ladan da amon tambari sun fi zuwa nesa bisa ga tsakar rana. Abin da ke kawo haka shi ne iska mai sanyi ta kan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau bisanta, sai sautin da zai tashi sama ya watse ya tanƙwaro ya komo ƙasa. To, a cikin teku akwai irin wannan, amma nata ba ya jiran asuba. A wajen zurfin mita 1,000 akwai wani tsagi na ruwa inda sauti ya fi tafiya a hankali. Amon da ya shiga cikinsa in ya nufi sama ya tanƙwaro, in ya nufi ƙasa ya tanƙwaro, sai ya yi ta bin tsagin nan kamar ruwa cikin indararo. A 1960 aka fasa nakiya a teku kusa da Perth ta Ostireliya, aka ji ƙarar a Bamuda, cikin Tekun Atlantika, bayan fiye da sa'a uku da rabi, tafiyar kusan rabin kewayen duniya.

Da sojan ruwan Amurka suka ga haka, sai suka shiga dasa na'urorin sauraro a ƙasan teku cikin shekarun 1950, don su ji motsin jiragen Rasha. Suka ji jiragen, suka kuma ji abin da ba su nema ba: gurnani, da kuka, da wani irin nishi mai tsawo. Wani injiniya mutumin Bamuda, Frank Watlington, wanda ke aiki a wata tashar sauraro, ya yi shekaru yana ɗaukar waɗannan muryoyi yana ajiyewa. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ya ba Roger Payne da matarsa Katy abin da ya tara. Payne da Scott McVay suka zauna suka bi muryoyin daki-daki, a 1971 suka bayyana cewa kukan giwar teku mai doro yana da tsari irin na waƙa: gaɓoɓi su haɗu su yi ɗango, ɗangogi su haɗu su yi baiti, baitoci su bi juna ba a tsallake jeri, in an kai ƙarshe bayan minti goma ko ashirin a koma farko, a yi ta yi sa'o'i da yawa. Maza ne kaɗai ke rera ta, galibi lokacin barbara, kuma duk mazan yanki guda waƙa ɗaya su ke yi. Katy Payne ta gano waƙar tana sakewa kaɗan-kaɗan kowace shekara, mawaƙan kuma tare su ke bin sakewar. Daga baya, tsakanin 1996 da 1998, aka ga na gabashin Ostireliya sun watsar da tasu ɗungum sun ɗauki ta na yammacin ƙasar. Ashe koyo su ke yi daga juna, wanda kuwa ba ya ji ba ya koyo. Faifan garmaho na waɗannan waƙoƙi da aka fitar a 1970 ya yi kasuwa ƙwarai, har aka sa kaɗan daga muryar cikin faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin sama a 1977.

A shekarar 1971 ɗin nan dai Payne da wani masanin sauti, Douglas Webb, suka faɗi wata magana da ta jawo musu dariya. Akwai wata giwar teku da Turawa ke kira fin, mai kauri ƙwarai ga murya. Kiranta kaɗawa ashirin ne cikin sakan, daidai iyakar inda kunnen mutum ke fara ji. Suka yi lissafi suka ce irin wannan kira yana iya zuwa ɗaruruwan kilomita, kafin zamanin jiragen ruwa masu inji kuwa yana iya zuwa dubbai. Watau dabbobi biyu da ke warwatse cikin teku, ɗaya kamar a Katsina ɗaya kamar a Ikko, suna iya zama garke ɗaya, murya ce igiyar da ta haɗa su. Masana da yawa suka ce tatsuniya ce. Sai bayan shekara ashirin, da gabar Amurka da Rasha ta lafa, aka bar Christopher Clark na jami'ar Cornell ya zauna gaban na'urorin soja. Ya ji kiraye-kirayen daga nisan da aka ce ba zai yiwu ba, har aka bi sawun wata shuɗiya guda ta muryarta kaɗai fiye da kwana arba'in.

Sa'ad da mutane suka fara jin wannan murya, masu ita sun kusa ƙarewa. Daga lokacin da Svend Foyn na Norwe ya ƙera mashi mai nakiya da a ke harbawa da igwa, wajen 1870, farauta ta zama kisan kiyashi, domin mai da nama. An ƙiyasta an kashe kusan miliyan uku cikin ƙarni na ashirin kaɗai. Afirka ma ba ta tsira ba, don an yi ta farautar masu doro a gaɓar Gabon har cikin shekarun 1950. A 1982 hukumar duniya mai kula da wannan farauta ta yanke shawarar a dakata, dokar ta soma aiki a 1986, ko da ya ke akwai ƙasashen da ba su bari ba. Waɗansu iri sun farfaɗo, masu doro ma sun yawaita sosai. Amma abin lura shi ne, garken da aka rage ya fi bukatar dogon kira, tun da nisan da ke tsakanin wannan da wancan ya ƙaru. Daidai lokacin nan ne kuwa teku ta cika da hayaniya.

Jiragen da iska ke turawa, irin na mutanen da, ba su da wata ƙara sai ta katako da igiya. Tururi ne ya sake al'amari, musamman da aka koma ga farfela mai juyawa a ƙarƙashin ruwa, kamar ta jirgin Great Britain da aka ƙaddamar a Ingila a 1843. Yawancin ƙarar jirgi daga farfelar nan ta ke fitowa. In tana juyawa da sauri sai ta yage ruwa, ƙananan kumfa su yi ta tashi suna fashewa, dubbai a kan dubbai, ba tsayawa. Ƙarar kuwa mai kauri ce, ta faɗa daidai inda muryar manyan giwayen teku ta ke, kuma abin da ke kai muryarsu nesa shi ne ke kai ta nesa.

Kada a ce wannan labarin mutanen bakin teku ne kaɗai. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, aka buɗe hanyar a 1912, gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Katsina suka kama hanyar Ikko, daga can kuwa ba su da mahayi sai jirgin ruwa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta teku ya je Ingila, ya kuma sauke farali a Makka cikin tafiyar nan. Jiragen wancan zamani in aka gwada su da na yanzu kamar jaki ne kusa da raƙumi. Tun daga 1956, da aka soma ɗura kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe da a ke kira kwantena, jirage suka yi ta ƙara girma da yawa, har fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, in an auna da yawansu, ta ruwa su ke bi. Babur da janareta da wayar hannu da a ke sayarwa a kasuwar Katsina, da wuya a sami wanda bai kwana bisa teku ba.

An auna abin da wannan ya haifar. A kusa da tsibirin San Nicolas, yamma da Kalifoniya, sojan ruwa sun auna ƙarar teku tsakanin 1964 da 1966. Da masana suka koma wurin a 2003 da 2004, suka tarar ƙara mai kauri ta ƙaru da desibel 10 zuwa 12. Desibel ma'aunin sauti ne, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne: ƙarin uku ninki biyu ne na ƙarfin sauti, ƙarin goma kuwa ninki goma. Ke nan a wurin nan ƙarar ta yi ta ninka kanta kusan kowace shekara goma.

Ɓarnar irin wannan ƙara ba ta fitowa fili, don ba ta zub da jini. Rufe murya ta ke yi. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya kai mil 13, mutane kuwa kaɗan ne a ciki, yawancin fili gonaki ne da kangaye. A irin wannan gari mai shela ɗaya ya isa unguwa, tambari ɗaya ya isa birni. Yau wanda ya tsaya bakin Ƙofar Ƙaura da hantsi, tsakanin babura da manyan motoci da injin niƙa, in yana son na ƙetaren titi ya ji shi sai ya ɗaga murya, ko ya yi ta maimaitawa, ko ya haƙura har mota ta wuce. Duk dabarun nan uku an ga giwayen teku suna yi. Susan Parks ta gwada tsofaffin faifai da sababbi na wani iri da ke arewacin Atlantika, wanda Turawa ke kira rait, ta ga kiransu ya ƙara siranta bisa ga na kakanninsu, ta kuma nuna suna ƙara ƙarfin murya in ƙara ta ƙaru. A 2012 aka ƙiyasta cewa a mashigar Boston wannan iri ya yi hasarar kusan kashi biyu cikin uku na filin da kiransa ke kaiwa a da. Ga shi kuwa duka-duka ba su cika ɗari huɗu ba a duniya.

Mutanen birni da hayaniya ta dame su sun sayo lasifika sun ɗaura bisa hasumiya. Giwar teku iyakarta maƙogwaron da aka halicce ta da shi. A 2024 Coen Elemans na wata jami'a a Denmak da abokan aikinsa suka binciki maƙogwaron waɗansu uku da suka mutu a gaɓa, suka hura musu iska, suka ga yadda su ke fid da sauti. Suka sami cewa ƙirar maƙogwaron ta ƙayyade kaurin muryar da zurfin da a ke iya yin kira, duka biyun kuwa sun faɗa cikin inda ƙarar jirage ta fi yawa. Uwa da ɗanta sun fi shiga uku. A 2017 aka bayyana, daga wani bincike a yammacin Ostireliya, cewa 'ya'yan masu doro raɗa su ke yi wa iyayensu mata, ana jin don kada maƙiya su ji. Muryar da aka yi don kada ta je nesa, jirgi guda ya isa ya raba ta da kunnen da aka nufa da ita.

Shaida mafi ƙarfi ta zo ne ta hanyar da babu wanda ya shirya. A mashigin Fundy na Kanada, cikin Satumba 2001, akwai ƙungiyoyin masana biyu, kowace da aikinta. Ɗaya na ɗaukar muryoyin rait, ɗaya kuwa, ta Rosalind Rolland, tana tsintar kashinsu a bisa ruwa don ta auna lafiyarsu. Sai aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, zirga-zirgar jirage ta ragu. Shekaru bayan haka aka haɗa littattafan ƙungiyoyin biyu, aka ga a kwanakin nan ƙarar ruwa ta sauka da desibel 6, sinadarin da jiki ke fitarwa in yana cikin wahala kuma ya ragu a kashin dabbobin. A sauran shekarun da aka gwada ba a ga irin wannan raguwa ba a daidai wannan lokaci.

Ƙara ta biyu ita ce ta neman mai, a nan kuwa Nijeriya na ciki tsundum. An sami mai a Oloibiri a 1956, a 1965 aka soma haƙo shi daga cikin teku a Okan, a 2005 kuma aka buɗe Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Kafin a haƙa rijiya sai an san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Jirgi ya kan ja jerin bindigogin iska, su yi ta fashewa kamar kowane sakan goma, dare da rana, makonni ko watanni, ana sauraron amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsun ƙasa. Na'urorin da aka dasa a tsakiyar Atlantika daga 1999 zuwa 2009 sun riƙa jin harbin da a ke yi a gaɓar Senegal da Muritaniya da Birazil, wani daga nisan kusan kilomita 4,000. Mashigin tekun Gini kuwa ɗakin haihuwa ne na masu doro. Kowace shekara, sa'ad da manoman Katsina ke fama da noman gero, su kan taso daga ruwan sanyi na ƙarshen kudancin duniya su zo gaɓar Angola da Gabon, har a kan gan su daura da Kwatano, su yi barbara su haihu. A 2008 Salvatore Cerchio da abokan aikinsa suka dasa na'urori a arewacin Angola, suka ga duk sa'ad da ƙarar bindigogin ta ƙaru, yawan masu waƙa sai ya ragu.

Ta uku ita ce ta soja, ita kam tana kisa. Akwai waɗansu masu haƙori, masu dogon baki, gwanayen nutso, an taɓa auna ɗaya ta kai kusan mita 3,000. A 1996 goma sha biyu suka faɗo gaɓar Girka lokacin da a ke gwada na'urar sona, mai aika ƙara don neman jiragen ƙarƙashin ruwa. A Maris 2000 dabbobi 17 suka faɗo gaɓar Bahamas, aka sami jini wajen kunnuwan waɗansu, sojan ruwan Amurka kuma suka amsa cewa na'urarsu ce sanadi. A Satumba 2002 goma sha huɗu suka fito a tsibiran Kanari, yamma da Maroko, ana cikin atisayen jiragen yaƙi. Likitocin da suka feɗe su sun sami kumfar iska a jijiyoyi da hanta, irin ciwon da kan kama mai nutson da ya taso da gaggawa. Ana jin firgita ce ta ɓata musu tsarin nutso. A 2004 gwamnatin Sifen ta hana amfani da wannan na'ura kewayen tsibiran, masanan da suka bi al'amarin shekaru bayan haka kuwa ba su sake ganin irin wannan mutuwa ta taro a can ba.

Maganin ƙarar jiragen kasuwa ma sananne ne. Farfelar da aka ƙera da kyau, aka kuma riƙa kankare ta, ba ta yawan kumfa, ga ta da sauƙin shan mai. Rage gudu ya fi kome sauƙi: a 2019 Russell Leaper ya yi lissafi cewa da jiragen duniya za su rage kashi goma cikin ɗari na gudunsu, da ƙarfin ƙarar da su ke zubawa a teku ya ragu da kusan kashi arba'in. Tun 2017 hukumar tashar jiragen ruwa ta Vancouver, a Kanada, ta ke roƙon jirage su sassauta a mashigin Haro cikin watannin da dabbobin ke wurin, yawancinsu kuwa suna yarda. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku ta fid da ƙa'idodin rage ƙara a 2014, ta sabunta su a 2023, amma shawara ce, babu tara ga wanda ya ƙi. A tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgi ya ɗaga tutarta ita ke binsa, ƙasashen da suka fi kowa yawan manyan jiragen da aka rubuta da sunansu kuwa su ne Laberiya da Panama da tsibiran Marshal.